Yadda Ake Ɗaure Kaya Kada Ya Kwance a Hanya: Tambayoyi da Amsoshi

A rumfar mahaifina na tashi, nan cikin Katsina, inda muke sayar da igiya da buhu da basilla. Tun ban isa ɗaga buhu ba aka fara sa ni ɗaure kayan mutane da za a kai tasha: na Daura, na Mashi, na Jibiya, har da wanda zai ƙetare zuwa Maraɗi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake maimaita mini a bakin rumfa shekara da shekaru. Sunayen ƙulle-ƙullen da zan ambata, wasu na rumfarmu ne kawai, a wani gari ka ji an kira su daban. Ka riƙe yadda hannu yake tafiya, shi ne abin da zai kai maka kaya gida.

Wane ƙulli ya fi dacewa da ƙunshi na yau da kullum?

Wanda muke kira ƙullin miƙe. Ka zagaye ƙunshin da igiya, bakinta biyu suna hannunka. Ɗora na dama a kan na hagu, ka murɗa shi ta ƙasa ka ja. Sannan ka ɗora wanda yake hagu yanzu a kan na dama, ka sake murɗawa ka ja. Dama kan hagu, hagu kan dama. In ka lura, baki ɗaya ne yake hawa sama duka sau biyun, gefe kawai ya canza.

Idan ya yi daidai, za ka ga ya kwanta lamo a jikin kayan kamar zobba biyu da suka sarƙe juna, kuma kowane baki ya miƙe yana bin jikin igiyar da ya fito. Tsohon ƙulli ne ƙwarai. Matuƙan jirgin ruwa na zamanin da da shi suke ɗaure filafilan jirgi in iska ta yi yawa, masu ba da taimakon gaggawa kuma da shi suke ɗaure bandeji saboda ba ya yin tudun da zai danne ciwo. Ƙunshin atamfa, ɗaurin littattafai, kilishin da aka naɗe a takarda, ƙullin garin tuwo a tsumma, duk ya ishe su.

Abu ɗaya ne za ka sa a ranka tun yanzu, domin sauran amsoshin duk a kansa suke: wannan ƙulli daga jikin kayan yake samun ƙarfinsa. Kayan ne yake tura shi daga ciki, igiyar ta matse kanta. Ranar da kayan ya motse ya bar igiya sako-sako, ƙullin ya rasa abin jingina.

Malam, ni ma haka nake yi, amma kafin a kai Ƙofar Ƙaura ya kwance. Ina matsalar take?

Sau tara cikin goma, ƙullin gicciye ka yi ba ka sani ba. Shi ne in ka yi dama kan hagu, ka sake dama kan hagu. Hannu ya fi son wannan, don maimaita abu ɗaya ya fi sauƙi. Alamarsa a bayyane take: bakunan igiyar ba sa bin jikinta, sai su gicciye, ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa, ƙullin kuma ya yi dunƙule maimakon ya kwanta. Halinsa biyu ne, kuma duka ba alheri: ko ya zame da girgizar mota, ko ya cije ya zama ɗaurin kawo wuƙa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu wata Hajiya, ƙawar mahaifiyata, ta kawo kwalin kayan gara za a kai wa ɗiyarta Daura. Ni na ɗaure, na ja da iya ƙarfina, na yi ƙulli uku a jere don in burge. Tsakanin Katsina da Daura tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, amma ba a wuce Mashi ba kwalin ya buɗe a bayan mota, alkaki da nakiya suka zube cikin ƙura. Da labari ya dawo, Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko igiya ya ce, "Yi mini irin wanda ka yi." Na yi. Ya riƙe ƙunshin ya yi ta girgiza shi a gabana, ina kallo igiyar tana sulalewa kaɗan-kaɗan har ta saki. Sannan ya yi nasa, ya miƙo mini ya ce in girgiza har in gaji. Kunyar Hajiyar nan ta daɗe a raina, kuma tun ranar ban sake sakin ƙulli daga hannuna ba sai na dube shi.

In kana son gwaji mai sauƙi, dubi igiyar takalmin yaronka na makaranta. In kunnuwan sun kwanta a faɗin ƙafa, miƙe ne. In sun juya suna kallon yatsu da dunduniya, gicciye ne, shi ya sa yake kwancewa sau biyar kafin a tashi.

Kafin in yi murɗi na biyu, na farko ya riga ya saki, kuma ba kowa kusa da zai danna mini da yatsa.

Ka murɗa na farkon sau biyu maimakon sau ɗaya, sannan ka ja. Ƙarin murɗin yana riƙe igiyar har ka gama na biyu. Likitocin tiyata suna amfani da wannan dabara wajen ɗinki, shi ya sa ake ce masa ƙullin likita. A igiyar leda mai santsi ma ya fi ƙullin miƙe zama.

Yaya ake ɗaure kwali ya yi tamau?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi son mutum ya tsaya ya koya. Kwali yana son zarge, wato ƙullin da yake matsewa in ka ja amma ba ya komawa baya da sauƙi.

Ka zagaye kwalin ta tsawonsa. Yanzu kana da gajeren baki da doguwar igiya. Zagaya gajeren bakin ta bayan doguwar, ka dawo da shi kan jikinsa, ka yi masa ƙulli mai siffar lamba 8, ta yadda doguwar igiyar tana ratsawa ta cikin idon ƙullin. Ka bar bakin ya fito kamar tsawon yatsa. Matse 8 ɗin, sannan ka kama doguwar igiyar ka ja. Za ka ji zargen yana tafiya yana shaƙe kwalin. Ja, ka sassauta hannu, ka sake ja. Ƙullin 8 ya fi ƙulli mai sauƙi cizo, shi ya sa ba ya sakin abin da ya ci nan take. In zagaye ɗaya kake so, sai ka yi ɗan zobe da doguwar igiyar ka zura shi a kan gajeren bakin nan da ya fito, ka ja. Ya kulle ke nan. Mahauta masu ɗaure tsokar gashi a ƙasashen Turai irin wannan suke yi.

Amma kwalin da zai hau mota yana buƙatar gicciye. Daga wurin ƙullin, ka karya doguwar igiyar ta nufi faɗin kwalin, ka juya kwalin. A ƙasa za ta haɗu da igiyar farko. Kada ka bar ta ta wuce ta kai kawai. Ka zagaya ta a jikin igiyar farkon sau ɗaya, ka ja baya, ka ja gaba, sannan ka ci gaba. Wannan 'yar sarƙewa ta ƙasa ita ce mutane suke tsallakewa, kuma ita ce take hana igiyoyin biyu zamewa zuwa kusurwa idan yaron mota ya ja kwalin ta gefe ɗaya. Da ka dawo sama, ka zura ta ƙarƙashin mahaɗar farko, ka ja, ka ƙarasa da zobe biyu a jere a jikin igiyar.

Kafin duk wannan, ka cika kwalin. Kwalin da yake da rami a ciki zai lotsa da an ɗora masa wani kaya, in ya lotsa kuwa igiya ta saki, ko wane gwani ne ya ɗaure. Tsumma, tsohuwar jarida, ɓawon gyaɗa a leda, duk suna cike gurbi. A kusurwoyin da igiya za ta bi, ka sa ninkakken guntun kwali don kada ta yanke shi.

Igiya nawa zan saya wa kwali ɗaya?

Haɗa tsawon kwalin da tsayinsa daga ƙasa zuwa sama ka ninka biyu, haɗa faɗi da tsayi ka ninka biyu, ka tara, ka ƙara kamu ɗaya na ƙulli. Kwali mai tsawon santimita 50, faɗi 40, tsayi 30, zagayen farko zai ci 160, na biyu 140, jimla mita 3. Da na ƙulli, mita 3 da rabi, wato kusan gaba biyu na babban mutum. Kada ka yanke sai ka gama ɗaurin.

Bakin buhu fa? Ɗinki ya fi ko ɗauri?

Buhun hatsi da ya cika, wanda za a jera a tirela ko a loda daga kasuwar Mai'adua ko Caranci, ɗinki da basilla ya fi, saboda bakin yana kwanciya a jera wani a kai, kuma a bar masa kunnuwa biyu na kamawa. Ɗauri na buhun da bai cika ba ne, ko wanda ake buɗewa kullum a gida.

Don ɗauri, tattara bakin ka murɗa shi ya zama wuya. Zagaya igiya sau ɗaya, ka haye ta kan doguwar igiyar ta yi gicciye, ka sake zagayawa. Da bakin ya dawo gaba, ka ɗora shi kan doguwar igiyar, sannan ka cusa shi ta ƙarƙashin gicciyen nan ya fito ta ɗaya gefen. Ja bakunan biyu. Wannan shi muke kira ƙullin shaƙe: akwai ɗan ƙulli a ƙasa, zagayen sama kuma ya hau kansa ya danne shi, ba shi da hanyar motsi. Yana riƙe bakin buhu, bakin tiyo a kan famfo, ƙotar tsintsiya, bakin igiyar da take warwarewa. Sai dai abu mai zagaye yake so. A kan kwali ko katako mai faɗi ba ya cizo.

In buhun na buɗewa kullum ne, a cusawar ƙarshe ka ninka bakin igiyar ka cusa ninkin, ka bar jelar a waje. Jan jelar kawai zai kwance shi. Kuma ina roƙo, kada a gwada ƙullin shaƙe a ƙafar akuya, ko fiffiken kaza, balle hannun yaro da sunan wasa. Yana tsayar da jini, kuma in ya cije sai wuƙa.

Igiyata ta gaza. In haɗa biyu da ƙullin miƙe?

A'a. Wannan ita ce amsar da na fi so a riƙe a duk shafin nan. Ƙullin miƙe na matse kaya ne. In ka haɗa igiya biyu da shi a sarari, ba abin da yake jingina a kai, kuma da an fizgi baki ɗaya sai ya kife ya zama zobe biyu da suke sulalewa a jikin ɗaya igiyar. In kaurin igiyoyin ya bambanta, abin ya fi sauri. Kada a yi shi a igiyar guga, ko ta jan mota, ko wadda za a saukar da mutum rijiya da ita.

Ƙullin masaƙa ake yi, irin wanda masaƙa suke haɗa zaren da ya tsinke da shi. Lanƙwasa bakin igiya mai kauri ya koma kamar ƙugiya. Zuro siririyar ta cikin lanƙwasar daga ƙasa, ka zagaya ta bayan ƙafafun lanƙwasar biyu, ka dawo ka cusa ta ƙarƙashin kanta. Gajerun bakunan biyu su kasance gefe ɗaya. In igiyar leda ce, ko bambancin kauri ya yi yawa, ka zagaya sau biyu kafin ka cusa, ka kuma bar jela mai tsawo.

Wace igiya ta fi: ta kaba, ta rama, ko ta leda?

Kowace da inda ta fi. Ta kaba da ta rama suna da kaushi, ƙulli yana zama a jikinsu ba gardama. Kakanninmu da su suka yi fatauci, da su aka ɗaure mangala a bayan jaki, shi ya sa har yau in abu ya zo wa mutum daidai ake cewa kaya ya tsinke a gindin kaba: inda igiya ta yanke, nan abin tufka wata yake. Ɓawon kalgo da na kuka ma suna ɗauri a gona. Aibinsu shi ne ruwa da bushewa. Da hunturu kaba tana bushewa ta riƙa karyewa a wurin lanƙwasa, don haka a yayyafa mata ruwa ta yi laushi kafin a ɗaura. Igiyar rama in ta jiƙe tana kumbura ta gajarce, ƙullin ya cije, in ta bushe kuma ta saki. Wanda ya ɗaure kaya da jiƙaƙƙiyar igiya da damina, ya sake dubawa bayan rana ta fito. In an ajiye ta da danshi kuma, ruɓewa take.

Ta leda, mai launin shuɗi ko ruwan ɗorawa da ta cika kasuwa yanzu, ba ruwanta da danshi, tana da ƙarfi da araha. Amma santsi gare ta, ƙulli yana sulalewa, don haka a bar jela mai tsawo a ƙara zobe. Rana kuma tana cinye ta a hankali. In ka ga launinta ya koɗe, ka shafa ka ji tana sakin gari a hannu, ta gama aiki, ko da a ido ba ta tsinke ba. Bakinta a ɗan ƙona shi da ashana don kada ya warware.

Ni dai a ƙunshin hannu da dami, rama nake zaɓa har gobe.

Damin gero, itace, kara, rake: me ya sa sukan zube ta gefe?

Saboda maɗauri ɗaya aka yi musu a tsakiya. Tsintsiya ce ake ce wa maɗaurinki ɗaya, ita ma don gajera ce kuma a hannu take. Dogon abu yana son maɗauri biyu, kusa da kowane baki, in ya yi tsawo sosai a ƙara na uku. Itace da rake a jera su kai da gindi, wato kaurin wannan ya kwanta kusa da sirantar wancan, don damin ya yi kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. In duk kaurin ya taru gefe guda, igiya za ta gangara wajen sirantar ta faɗi.

Wajen matsewa, ka zagaya sau biyu kafin ƙulli, ka sa gwiwa ka danne, ka mirgina damin, ka sake ja. Manoma suna da wata hanya da ba ƙulli a cikinta: su haɗa bakunan biyu su murɗa har su yi tauri, su cusa murɗin a ƙarƙashin maɗaurin. Damin da kansa yake danne shi. Harawa da ciyawa ɗanye kuwa suna motsewa in sun bushe, sai an sake matse su bayan kwana biyu.

Kaya a kan mota ko a bayan babur fa?

A mota, ɗaurin direbobi. Ɗaure baki ɗaya a ƙugiyar wancan gefen, ka jefo igiyar ta kan kayan. A wannan gefen, kamar kamu biyu sama da ƙugiya, ka yi ido a jikin igiyar. Kai bakin ƙasa ya zagayo ƙugiya, ka dawo da shi sama ka zura ta cikin idon, sannan ka ja ƙasa da nauyin jikinka. A lissafi ƙarfinka yana ninkuwa sau 3, gogayyar igiya tana cinye wani kaso, amma abin da ya rage ya isa ya sa igiyar ta yi ƙara in ka kaɗa ta. Danne mahaɗar da yatsu biyu, ka kulle da zobe biyu a ƙarƙashin idon. A yi hattara da kayan ɗaki na amarya, wannan ɗauri yana iya fasa madubi ko lotsa kwaba.

Katifa a kan rufin mota ita ce ta fi ba ni tsoro. Iska tana shiga ƙarƙashinta ta gaba ta ɗaga ta, in ta tashi kuwa kan na baya za ta faɗa. A ɗaure ta gaba da baya, a kuma ja igiya ɗaya ta tsawonta ta danne bakin gaba. Bayan an fita gari an ɗan taɓa tafiya, a tsaya a sake ja, domin girgiza tana zaunar da kaya, buhun hatsi musamman.

A babur, robar tsohon tib ta fi igiya, tunda tana bin kayan in ya motsa. A ja ta, a zagaya, a cusa bakin ƙarƙashin zagayen. Sai dai a kawar da fuska daga saitinta lokacin ja, kuma a duba ko ta fara tsattsagewa. Robar da ta kuɓuce tana iya tsiyayar da ido. A tabbatar kuma ba jelar da take lilo kusa da taya ko sarƙa.

In na yi ƙulli da yawa ba zai fi ƙarfi ba?

Ba zai fi ba. Kowane ƙulli lanƙwasa ce mai tsanani a jikin igiya, kuma yana rage mata ƙarfi, wani har kusan rabi. Shi ya sa igiya ta fi tsinkewa a bakin ƙulli. In kana son ƙarin ƙarfi, ƙara zagaye a jikin kayan.

Tunda akwai salatif, me ya sa za a wahala da igiya?

Salatif yana rufe baki, yana hana ƙura. Amma a kwalin da ya sha ƙurar hunturu ba ya kamawa sosai, zafin bazara kuma yana narkar da gam ɗinsa. Kuma ba ya ba yaron mota wurin kamawa. A kayan tasha ni ina haɗa duka biyun. In kuwa ta kamfanin aika kaya na jirgin sama za ka tura, ka tambaye su tukuna, da yawansu ba sa son igiya a waje saboda tana maƙalewa a injin tantance kaya.

Wadda zan aika wa kayan tsohuwa ce, hannunta ba ƙarfi. Yaya zan yi ta iya kwancewa?

Madalla da wannan tambaya, mutane kaɗan ne suke tuna mai kwancewa. A murɗi na biyu na ƙullin miƙe, ka ninka baki ɗaya ka cusa ninkin, ya zama kunne ɗaya da jela. Jan jelar zai buɗe shi. Don kada wani abu ya fizge ta a hanya, ka cusa jelar ƙarƙashin igiyar da ta zagaye kayan, ka ɗaura mata ɗan jan ƙyalle a baki. In ka kira waya sai ka ce, "Inna, jan ƙyallen nan za ki zaro ki ja."

In kuma kai ne kaya ya iso wa da ƙullin miƙe da ya cije, kada ka sa haƙori. Kama baki ɗaya ka fizge shi baya, ya bar gefen da yake kwance ya koma ɗaya gefen. Ƙullin zai kife, sai ka zare shi da yatsu, igiyar ta fita lafiya a sake amfani da ita. Ƙullin shaƙe da ya riga ya cije shi kam sai yanka: ka sa bakin wuƙa a kan zagayen sama kaɗai, zagayen ƙasa zai tare kaifin kada ya taɓa buhun.